Ɗan Hausa da Makarantar Nassarawa: Tarihin Rayuwar Hanns Vischer, 1876–1945

Gabatarwa

A unguwar Nassarawa ta birnin Kano akwai wani tsohon soro na ƙasa mai zankwaye, wanda har yau ba a san shi da wani suna ba sai Gidan Ɗan Hausa. A cikin wannan gida da kewayensa ne Gwamnatin Turawa ta kafa makarantarta ta boko a shekarar 1909. Daga wannan makaranta aka sami malaman da suka buɗe makarantun larduna, su kuma makarantun larduna su ne aka mayar Midil daga baya. Midil kuwa ita ce ta riƙe matsayin da ƙaramar sakandare take riƙe da shi yanzu, watau matakin da yaro yake hawa bayan ya gama karatun farko. Saboda haka idan aka bi salsalar ƙaramar sakandaren gwamnati a ƙasar Hausa, ko ta Kano ce, ko ta Anka, ko ta Gummi, ko ta Bukkuyum, ƙarshenta sai an dangana da wannan soro. Manufar wannan maƙala ita ce ta kawo tarihin mutumin da gidan yake amsa sunansa, ta kuma duba irin tubalin da ya aza wa ilmin boko da rubutun Hausa, da abin da tubalin ya ɗauka da abin da ya kasa ɗauka.

Asalinsa da Zuwansa Ƙasar Hausa

Sunansa na yanka Hanns Vischer. An haife shi ran 14 ga Satumba, 1876, a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, cikin wani gida na attajirai masu cinikin siliki, masu riƙo da addinin Kirista ƙwarai. Asalinsa dai ba Bature Ingilishi ba ne, harshen Jamusanci ya buɗe baki da shi. Ya yi karatu a ƙasarsu da Jamus, sa'an nan ya ƙetara Ingila ya shiga Jami'ar Kembirij, inda ya sami digiri a 1899, ya kuma ƙara da karatun aikin mishan.

A wancan zamani Baturen da yake son koyon Hausa kafin ya shigo ƙasar, sau da yawa Tarabulus yakan nufa, domin akwai Hausawa da yawa a can, fatake da alhazai da bayin da aka ƙetarar da su Sahara. Can Likita Mila ya koyi tasa Hausar, can kuma Vischer ya koyi tasa. A shekarar 1900 wata ƙungiyar 'yan mishan a ƙarƙashin Bishof Tugwell, da Likita Mila a cikinta, ta isa Kano, amma Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, suka juya. Bayan sun yi zama a Girku ta ƙasar Zazzau sai suka gangara Loko a bakin kogin Binuwai, a nan ne Vischer ya tarar da su a 1901. Bai daɗe a aikin mishan ba. Ya ajiye shi a 1902, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Ingila a 1903, ya shiga aikin mulki a ƙarƙashin Gwamna Lugga, aka tura shi Barno a matsayin mataimakin Razdan.

Shekarar da ya shiga aikin ita ce shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a zuciyarsa, domin shekara shida kacal ke tsakanin faɗuwar Kano da buɗe makarantar Nassarawa. Iyayen da aka nemi su ba da 'ya'yansu, da idonsu suka ga shigowar Nasara.

Abin da ya fara fito da sunan Vischer a Turai shi ne tafiyar da ya yi a 1906. Da hutunsa ya ƙare, maimakon ya komo ta jirgin ruwa kamar sauran ma'aikata, sai ya sauka Tarabulus ya haɗa ayari, ya biyo tsohuwar hanyar fatake ta Murzuk da Bilma har Tafkin Cadi. Yawancin abokan tafiyarsa alhazai ne masu komowa gida da 'yantattun bayi masu neman ƙasarsu ta haihuwa. Sun tashi da tsakiyar shekara, ba su iso Barno ba sai wajen ƙarshenta, bayan sun sha ƙishirwa da barazanar mahara. Ya rubuta labarin tafiyar cikin littafinsa mai suna Across the Sahara, wanda aka buga a 1910. Watannin nan da ya yi yana ci yana sha tare da talakawa, ba tafinta a tsakani, sun ba shi wata irin Hausa da sanin halin mutane wanda ba a samunsa a barikin Turawa. Ba abin mamaki ba ne da Kanawa suka ji bakinsa suka laƙaba masa Ɗan Hausa.

Kafa Makarantar

Matsalar da ke gaban Gwamnati a lokacin a fili take. Tana bukatar akawuna da malaman haraji da masu awon ƙasa, ga shi kuwa sai daga Kudu da Gwalkwas da Saliyo ake ɗauko su, mutanen da ba su jin Hausa, sarakuna kuma ba su sake da su ba. A ɗaya gefen, Lugga ya riga ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addinin jama'a ba, don haka ba dama a sakar wa 'yan mishan aikin koyarwa a ƙasashen sarakunan Musulmi kamar yadda aka yi a Kudu. Razdan Burdon ya gwada wata 'yar makaranta ta 'ya'yan sarakuna a Sakkwato, Likita Mila kuma ya gwada tasa a Zariya, amma babu wadda ta zama tsari na ƙasa duka. Ba kuma a kan fili fetal za a yi ginin ba: ƙidayar da Turawa suka yi da kansu wajen 1914 ta nuna makarantun allo kusan 25,000 a Arewa, da almajirai fiye da 200,000.

Gwamna Girouard, wanda ya gaji Lugga a 1907, shi ya zaɓi Vischer ya ɗora masa wannan aiki a 1908. Kafin ya fara sai da aka tura shi ya ga yadda ake yi a Masar da Sudan da Gwalkwas. Tsarin Sudan ne ya fi kwanta masa a rai, musamman Kwalejin Gordon ta Hartum, inda ake horar da alƙalai da malamai da masu sana'a ba tare da an raba su da Larabci da addininsu ba. Da ya komo sai aka ba shi wuri a Nassarawa, bayan ganuwar Kano, kusa da gidan shaƙatawar Sarki, a zamanin Sarkin Kano Abbas. A 1910 aka tabbatar masa da muƙamin Daraktan Ilmi na Nijeriya ta Arewa.

Da manyan malamai ya fara, ba da yara ba, kuma a nan hikimarsa ta fito. Malamin da ya riga ya sauke Alƙur'ani ya karanci littattafai ba ya bukatar a koya masa zaman karatu, abin da ya rage kawai a nuna masa baƙaƙen Turawa da lissafi irin nasu, cikin 'yan watanni ya iya, shi kuma ya koya wa na baya. Daga nan aka buɗe sashen 'ya'yan sarakuna, da sashen elementare, da sashen sana'a inda ake koyar da sassaƙa da ƙira da dukanci da saƙa. Ana karantar da karatu da rubutu da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya, duka da Hausa, malaman addini kuma suna karantar da Larabci da Alƙur'ani. Ɗalibai suna zuwa da rigunansu da rawunansu, suna zama a tabarma. Baitulmalin En'e ya ɗauki wani kaso na kuɗin tafiyar da makarantar. Zuwa 1913 ɗalibai sun haura 200, daga larduna dabam-dabam na Arewa. Abin lura a nan shi ne, mutumin da ya shigo ƙasar don ya yi wa'azin Kirista shi ne ya shugabanci makarantar da aka hana wa'azin Kirista a cikinta, kuma ya tsare wannan sharaɗi.

Ginin

Shi kansa ginin yana faɗin manufar mai shi. Turawan mulki na lokacin sun fi son gidan katako da kwano, ko na jan bulo, a can gefe nesa da gari. Ɗan Hausa kuwa magina Kanawa ya sa suka yi masa aiki da kayan da suka gada: tubalin ƙasa, da azara a rufi, da bakan gizo mai ɗauke da nauyin soro, da makuba a yaɓe don kare bango daga ruwa, da zankwaye a kusurwoyi, da zane irin na gidajen sarauta a fuskar gida. Bango mai kauri irin wannan yana riƙe sanyi da bazara, yana riƙe ɗumi da hunturu, ba a kuma sayo ko ƙusa ɗaya daga Ingila kafin a tsai da shi. Uban da ya kawo ɗansa daga Katsina ko Sakkwato, idan ya shiga zaure ya ga daurin guga a sama, ya san inda ya shigo. Ba ƙaramin abu ba ne wannan ga mutanen da suke ganin shiga makarantar Nasara daidai yake da barin addini.

Amma fa ginin ƙasa yana da sharaɗinsa. Kowace shekara kafin damina sai an bi shi da yaɓe, an gyara indararo, an toshe tsaga, in ba haka ba shekara biyu uku sai ya zauna. Abin da ya sa Gidan Ɗan Hausa ya kai yau shi ne ba a taɓa barinsa kango ba. A nan ya zauna da matarsa Isabelle, 'yar birnin Bern, wadda ya aura a 1911, ita ma ta rubuta littafi da Faransanci a kan zamanta a Kano, aka buga a 1917. Bayan tashinsu manyan ma'aikatan Turawa suka ci gaba da zama a ciki har zuwa samun mulkin kai, yanzu kuma yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Kwalejin Katsina ma, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, da ƙasa aka gina ta bisa wannan ra'ayi, ita ma gininta ya zama gidan adana kayan tarihi.

Boko da Ajami

Ga ɗalibin Hausa, babu wani aiki na Ɗan Hausa da ya kai wannan nauyi. Kafin zuwan Turawa Hausa tana da rubutunta na ajami, wanda malaman jihadi da almajiransu suka rubuta waƙoƙin wa'azi da na fiƙihu da shi. A cikin Turawan mulki ma akwai masu ganin a bar shi a ci gaba da aiki da shi. Vischer ya tsaya a kan baƙaƙen Rumawa. Hujjojinsa su ne, buga ajami da wasullansa a injin ɗab'i yana da tsada, Turawan da za su iya karanta shi kaɗan ne, yaro kuma ya fi saurin koyon boko. Ya ƙara da wata hujja wadda ba ta da alaƙa da ilmin harshe ko kaɗan, watau idan Gwamnati ta yaɗa baƙaƙen Larabci a makarantunta, to ta taimaka wa yaɗuwar Musulunci ke nan a cikin ƙabilun da ba su karɓe shi ba. Hujjojin farko ana iya gardama a kansu, domin ajami bai gagari injin ɗab'i ba a ƙasashen da suka so buga shi. Ta ƙarshen kuwa ta nuna cewa rigar mishan ba ta gama fita daga jikinsa ba.

Ko ma dai mene ne, a 1912 ya fito da ɗan littafinsa mai suna Rules for Hausa Spelling, wanda ya zama ƙa'idar rubutun boko ta farko da Gwamnati ta ɗauka. Kafin wannan kowane Bature yadda kunnensa ya jiye masa yake rubutawa. Baƙaƙe masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, ba a zamaninsa suka shigo ba, sai cikin shekarun 1930, lokacin da Dokta R. M. East yake shugabancin Hukumar Talifi a Zariya. Amma harsashin da East ya yi gini a kai na Nassarawa ne. Har ma akwai igiyar da ta haɗa su kai tsaye: Malam Bello Kagara, wanda ya rubuta Ganɗoki a gasar 1933, ɗalibin makarantar Ɗan Hausa ne kafin ya zama malami a Kwalejin Katsina, ƙanensa kuma shi ne Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939.

Sunan da jama'a suka ba wannan karatu shi ma abin dubawa ne. An daɗe ana cewa kalmar boko daga kalmar Turanci mai ma'anar littafi aka aro ta, amma Farfesa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalmar Hausa ce ta asali, mai ma'anar abin da ba na gaske ba, kamar dai amaryar boko da ake ɗorawa a kan doki don a ɓatar da hankalin mutane. Ashe duk da zaure da tabarma da rawani, mutanen gari ba su ruɗu ba, sun sa wa abin sunan da suka ga ya dace da shi. Illar da ta biyo baya kuwa mai tsawo ce. Tun daga ranar da boko ya zama rubutun ofis, malamin da ya ƙware a Larabci da ajami ya wayi gari ana lissafa shi cikin waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba.

Daga Nassarawa Zuwa Midil

Tun asali ba a yi nufin Nassarawa ta zama makaranta ɗaya tilo ba. Da aka sami malamai sai aka shiga buɗe makarantun larduna a Sakkwato da Katsina da Zariya da Bida da Barno, ɗalibai suka koma kusa da gida. A 1929 aka haɗa ma'aikatun ilmi na Kudu da Arewa a ƙarƙashin E. R. J. Hussey, a tsarinsa ne matakan suka zauna sosai: elementare da Hausa, sa'an nan Midil inda ake shiga Turanci gadan-gadan, sa'an nan Kwaleji ga 'yan ƙalilan. Midil ta Kano ita ce Kwalejin Rumfa ta yanzu, ta Zariya ita ce Alhudahuda, ta Sakkwato kuma Nagarta.

Galibi lardi guda Midil guda ne, lardi kuwa ba ƙaramar ƙasa ba ce. Anka da Gummi da Bukkuyum, waɗanda suke Jihar Zamfara tun 1996, duk a cikin Lardin Sakkwato suke a wancan zamani. Yaron da aka haifa a ƙauye kamar Gwashi, sai ya fara dacewa da shiga elementare a garin wani uban ƙasa, sa'an nan ya ci jarrabawa, sa'an nan iyayensa su yarda a kai shi Sakkwato ya zauna. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, mutumin Gummi, ta wannan ƙunƙuntar hanya ya bi: elementare a Dogondaji, sa'an nan Midil ta Sakkwato a 1936. Alhaji Shehu Shagari ma daga Yabo ya shiga wannan Midil, Sardauna Ahmadu Bello kuma ya koyar a cikinta daga 1931 zuwa 1934 bayan ya gama Kwalejin Katsina. Waɗanda tsarin ya ɗauka ya horar da su da kyau, ba mai musun wannan. Sai dai ba su da yawa. Ƙaramar sakandare irin wadda ake ginawa a gundumomi ba ta zo ba sai da tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi a 1982.

A nan ne masu sukar Ɗan Hausa suka fi samun abin kamawa. Likita Mila, tsohon abokin aikinsa, ya daɗe yana cewa Gwamnati ta danne Arewa da sunan kare al'adunta. Alƙaluma suna goyon bayansa: a 1947 makarantun sakandare 3 ne a Arewa duka, a Kudu kuwa 43. Likita na farko ɗan Arewa, Dokta R. A. B. Dikko, daga hannun 'yan mishan na Zariya ya fito, ba daga makarantar Gwamnati ba. Tsarin da aka yi don a sami ɗan sarki mai iya karanta takardar Razdan, da malamin haraji, da kafinta, ba zai fitar da likita ko injiniya ba, jinkirta Turanci kuma ya rufe wa ɗalibai ƙofar karatu mai zurfi. Duk da haka ba adalci ba ne a jibga wa mutum ɗaya laifin shekara arba'in. Shekarun da ya yi yana riƙe da makarantar ba su kai bakwai ba. Ƙarancin kuɗin da Gwamnati take warewa, da tsoron da Razdanoni suke yi wa ɗan boko mai baki irin na Ikko, da ƙyamar iyaye waɗanda sau da yawa sukan ɓoye 'ya'yansu su tura na barori, duk sun yi nasu aikin bayan ya tafi. Abin da za a iya ɗora masa shi ne, shi ya ba wannan taƙaitawa hujja mai daɗin ji, har waɗanda suka gaje shi suka riƙa fakewa da ita.

Sauran Rayuwarsa

Yaƙin Duniya na Farko ne ya raba shi da Kano. A 1915 ya tafi aikin soja, inda aka yi amfani da harsunan da yake ji a sashen leƙen asiri, a 1919 kuma ya ajiye aikin Nijeriya. A 1923 Ofishin Mulkin Mallaka na Landan ya kafa kwamitin ba da shawara a kan ilmin ƙasashen Afirka da ke hannun Ingila, aka naɗa shi sakatare, ya riƙe wannan kujera har 1939. Takardar manufa da kwamitin ya fitar a 1925, wadda ta ce a daidaita ilmi da al'adu da sana'o'in mutanen kowace ƙasa, ra'ayin Nassarawa ne aka faɗaɗa shi ya game nahiya. Yana cikin ayarin Phelps-Stokes da ya zaga makarantun Afirka ta Gabas a 1924. A 1926 kuma yana cikin waɗanda suka kafa Cibiyar Nazarin Harsuna da Al'adun Afirka ta Duniya a Landan, Lugga yana shugaba, shi yana babban sakatare. Wannan cibiya ce ta fitar da ƙa'idojin rubuta harsunan Afirka a 1927, tare da masanin nan na Jamus, Farfesa Westermann, wanda shawararsa ta taimaka wajen shigo da baƙaƙe masu lanƙwasa cikin rubutun Hausa.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi ya sake komawa aikin leƙen asiri, a 1941 kuma Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir. Ya mutu ran 19 ga Fabrairu, 1945, a garin Newport Pagnell na Ingila, yana da shekara 68. A cikin wannan shekara ce aka tura wasu malaman makarantun Arewa Jami'ar Landan su ƙaro ilmin koyarwa, cikinsu har da hedimastan Midil ta Bauchi, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa.